Kunnen da Ya Ƙi Sauka Daga Gadi

Darasi domin zumuntar mata, matasa, dattawa da masu aikin agaji

Darasin wannan fitowar a kan wani abu ne da muke gani kullum a sansanonin 'yan gudun hijira, da gidajen da suka sauki baƙi, da kuma cikin majami'unmu, amma ba safai muke kiran sunansa ba. Akwai mutanen da suka tsira daga hari, ko tashin bam, ko haɗarin mota, ko ambaliya. Raunin jikinsu ya warke, sun koma gona da kasuwa, ana ganinsu a sujada. Amma da zarar murfin tukunya ya faɗi a bayansu, sai su zabura kamar an harbe su, gaba yana dukan uku-uku, jiki yana ɓari, wani ma ya kwanta ƙasa ko ya ruga waje ba takalmi. Kafin a fara, mai jagora ya sa a karanta 1 Sarakuna 19:1-18. Idan ƙungiya tana so ta tattauna a tsanake, ana iya raba darasin zama biyu.

Kowace ƙara da tarihinta

Ƙarar da muke nufi ba baƙuwa ba ce, ta yau da kullum ce. Babur ya wuce da tsakar dare. Tayar mota ta fashe a kan titi. Iska ta buga ƙofa, ko mangwaro ya faɗo a kan kwano. Janareta ya yi tari kafin ya mutu. Karnukan unguwa su ɗauki haushi gaba ɗaya. Yara su kwaso a guje suna ihu domin an ci ƙwallo. Ga yawancin mutane waɗannan ba kome ba ne, ko waiwaye ba za su yi ba.

Amma ku tambayi wanda ya gudo daga Gwoza ko Mubi a 2014, ko daga ƙauyukan Zamfara da Birnin Gwari, abin da ƙarar babura da yawa take nufi. A kan babura maharan sukan zo, sau da yawa kuma ƙarar nan ita kaɗai ce gargaɗin da mutum zai samu. Wanda yake kasuwar Taminus ta Jos ranar 20 ga Mayu 2014 ya koyi wani abu dabam. Bam na farko ya tashi, jama'a suka taru domin ceto, sai na biyu ya tashi. Irin wannan mutum in ya ji ƙara ɗaya ba ya sakin jiki, domin yana jiran ta biyu. Mutanen sansanin Rann a jihar Borno, inda jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a Janairu 2017, ba za su ji wucewar jirgin sama yadda ni da kai muke ji ba. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumba 2024, cikin dare ruwa ya shiga gidajen Maiduguri, don haka ba abin mamaki ba ne in ruwan sama a kan kwano, wanda dā yake sa mutum barci, yanzu shi ne yake hana shi.

Kada kuma mu manta wasu daga cikin waɗannan masifu a wurin ibada suka auku, kamar cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da babban masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014. Ga wanda ya tsira a irin wannan wuri, inda ya kamata ransa ya fi kwanciya nan ne kunnensa ya fi tsayuwa.

Abin da yake faruwa a cikin jiki

Allah ya yi wa ido murfi, bai yi wa kunne ba. Ko muna barci kunne yana gadi, shi ya sa uwa takan farka da ɗan motsin jaririnta. In ƙara mai ƙarfi ta zo ba zato, saƙon yakan bi gajeriyar hanya ta gindin ƙwaƙwalwa, ido ya ƙifta, wuya da kafaɗu su ƙanƙame, duk kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya cika. Tunani bai ma iso ba tukuna. Kowa yana da wannan zabura, har jariri, har dabba, kuma kyauta ce domin tsaron rai.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci suke kira amigdala, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba. Aikinsa kamar na maigadi ne mai riƙe da usur. Yana lura da duk abin da ya zo tare da haɗari, ya ajiye. Wani masani a Amurka mai suna Joseph LeDoux ya shafe shekaru yana nuna wannan da ɓeraye. A kaɗa wa ɓera wata ƙara, a bi ta da ɗan jan wutar lantarki a ƙafa. Bayan an yi haka sau kaɗan, ƙarar kaɗai ta isa ta sa ɓeran ya ƙame, bugun zuciyarsa ya canza, alhali ba a taɓa shi ba. In maigadin nan ya busa usur a jikin mutum, sinadarin adirenalin yakan kwarara cikin jini. Zuciya ta yi gudu, numfashi ya yi sama, baki ya bushe, ciki ya murɗa, wani har fitsari ya kuɓuce masa. Jiki ya shirya gudu, ko faɗa, ko ƙamewa wuri ɗaya.

Ga mai lafiya, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wato maigidan, yakan leƙo ya ce taya ce ta fashe, sai maigadi ya koma ya zauna. In tayar ta sake fashewa gobe, zaburar ba za ta kai ta jiya ba. Ga wanda masifa ta yi wa rauni kuwa, maigadin yana busa usur da wuri, da ƙarfi, kuma ba ya jin maganar maigida da sauri. Wani lokaci ƙarar takan jawo sauran abin duka, hoton wurin, warin hayaƙi, muryar wanda ya rasu. A wannan lokacin mutumin ba tunawa yake yi ba, a ganinsa abin yana faruwa ne yanzu.

Wani zai ce ai dama can wane matsoraci ne, a jininsu yake. An gwada wannan magana. A 2003 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Scott Orr da Roger Pitman, sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa tagwaye masu kama ɗaya, inda ɗaya ya je yaƙin Biyetnam ɗayan bai je ba. Aka sa musu ƙara mai ƙarfi ba zato ana auna bugun zuciyarsu. Zuciyar sojojin da suka dawo da wannan ciwo ta fi zabura, amma ta 'yan'uwan tagwaicinsu da suka zauna gida ba ta yi haka ba. Jini ɗaya, uwa ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne abin da ɗayan ya gani.

Sunan ciwon

Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffan Turanci PTSD. A nan za mu ce masa ciwon firgicin bayan masifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da manyan alamunsa uku: abin yana dawo wa mutum a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, mutum yana guje wa duk abin da zai tuna masa, kuma yana zaune kullum kamar haɗari yana bakin ƙofa. Zabura saboda ƙara tana cikin ta ukun. A makonnin farko bayan masifa kusan kowa yakan ga wasu daga cikin waɗannan alamu, kuma yawancin mutane sukan samu sauƙi da kansu in suna da abinci, da wurin kwana, da 'yan'uwa kusa. Sai alamun sun wuce wata guda, suna kuma hana mutum harkokinsa, sannan likita yakan sa musu wannan suna. A 2019 hukumar ta ƙiyasta cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ko wannan, ko baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko makamantansu. Mai jagora ya ƙirga mutanen da suke zaune a ɗakin.

Duniya ta daɗe kafin ta yarda ciwo ne. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan sojan Ingila mai suna Charles Myers ya rubuta a kan sojojin da jikinsu yake rawa bayan ruwan bama-bamai ba tare da wani babban rauni a fili ba. Duk da haka a wancan yaƙin an harbe sojoji 306 na Ingila da ƙasashen da suke ƙarƙashinta bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da tsoro, kuma ana ganin da yawansu marasa lafiya ne. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. Ciwon kansa bai shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da wannan suna ba sai a 1980.

Ba ƙarancin bangaskiya ba ne

Mu ba ma harbe kowa, amma muna da kalmomin da muke harbi da su. Ina bangaskiyarki? Ba an yi maka addu'a ba? Kai ba namiji ba ne? Wani ya ce iska ce ta taɓa ta, wani ya ce akwai zunubin da bai furta ba.

Wannan magana ta ƙarshe tsohuwa ce. A Ayuba 15:20-21, Elifaz yana bayyana wa Ayuba halin mugu, cikin abin da ya lissafta kuwa har da cewa mugu ne kunnensa yake cike da ƙarar ban tsoro ko a lokacin zaman lafiya. Ku tuna wanda ake gaya wa haka: mutum ne da mahara suka kwashe dukiyarsa suka karkashe barorinsa, iska kuma ta rushe gida a kan 'ya'yansa goma a rana ɗaya. Sai a buɗe Ayuba 42:7 a ga hukuncin da Ubangiji ya yanke a kan maganganun Elifaz da abokansa biyu. Ya yi fushi da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Duk mai son ya ɗora wa mai firgici laifi, ya san bayan wa ya bi.

Sai kuma Iliya. Ba a ranar rauninsa ya gudu ba, bayan babbar nasararsa ce a Dutsen Karmel. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya kore shi har Biyer-sheba, daga can ya shige jeji, ya zauna gindin itace ya roƙi mutuwa. Ku lura da abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwantawa, aka sake tashinsa ya ci. Sai da ya kai Horeb aka yi masa tambaya. Sau biyu aka tambaye shi, sau biyu ya ba da amsa iri ɗaya, ba a kuwa ce masa ai ka riga ka faɗa ba. Waɗanda suka zauna da masu wannan rauni sun san maimaita labari yana cikin hanyar warkewa.

Ba muna cewa a daina addu'a ba. Muna cewa a duba yadda ake yinta. A kewaye mace mai firgici mutum goma, a dafa kanta, ana tsawa a kunnenta ana korar aljani, wannan fama mata miki ne. Jikinta zai ɗauki rawa, ta yi ihu ko ta faɗi, masu addu'a kuma su ce ga shi nan yana fita, su ƙara murya. Addu'ar mutum ɗaya ko biyu, a zaune, da ƙaramar murya, bayan an tambaye ta ko tana so, ita ma addu'a ce, sama kuma tana jinta.

A duba kunnen kansa

Ba kowace damuwa da ƙara ce daga tsoro take ba. Ƙarfin tashin bam ko harbi a kusa yana iya fasa dodon kunne ko ya lalata jijiyoyin ji. Wani ya rage ji, wani kunnensa yana ta ƙugi ko tsuwa ba dare ba rana, wani kuma ƙarar cokali a kwano zafi take masa kamar ana soka masa tsinke. Sau da yawa mutum ɗaya yana da duka biyun, ciwon kunne da na firgici, kowanne yana ƙara wa ɗayan wuta. Irin wannan a kai shi wurin likitan kunne. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye a kunne, domin in dodon kunne ya fashe, ɓarna za a ƙara.

In haɗarin bai wuce ba

Dole mu faɗi gaskiya a nan. Littattafan likitoci da yawa an rubuta su ne domin sojan da ya dawo gida, yaƙi ya ƙare, ƙasarsa lafiya lau. Da yawa daga cikin mutanenmu ba haka suke ba. A ƙauyen da aka kai wa hari bara kuma ana iya komowa bana, wanda ya farka saboda haushin kare da tsakar dare ba mara lafiya ba ne, mai hankali ne. Kada ka ce wa irin wannan mutum babu kome alhali ba ka sani ba. In ka yi masa ƙarya sau ɗaya, kunnensa ba zai ƙara yarda da bakinka ba. Abin da za ka iya faɗa shi ne abin da ka tabbatar: na leƙa, babur ɗin ɗan maƙwabci ne, yau su wane ne a bakin gadi. Abin da ya fi taimako a irin wannan wuri shi ne a raba gadin. In an san wa yake tsaro daga ƙarfe goma zuwa biyu, wa kuma daga biyu zuwa asuba, sauran sun samu dalilin rufe ido. Ciwon yana bayyana ne sa'ad da mutum ya koma inda yake lafiya, tsakiyar gari, tsakar rana, amma jikinsa ya ƙi yarda.

Sanarwa da zaɓi

Ga zuciyar darasin. Abin da ya fi cutar da mai wannan rauni ba ƙarfin ƙarar ba ne kawai. Abu biyu ne: ta zo masa ba shiri, kuma ba shi da ikon tsayar da ita ko kauce mata. Haka masifar ta zo masa tun farko. Matar da take zabura in maƙwabciya ta saki taɓarya, ita da kanta tana iya daka hatsi ba abin da ya dame ta, domin ta san lokacin da taɓarya za ta sauka, kuma a hannunta take.

Wasu masana biyu a Amurka, David Glass da Jerome Singer, sun gwada wannan, suka buga littafi a kai a 1972. Sun sa wa mutane ƙara mai ban haushi suna cikin aiki. Wasu ƙarar tana zuwa musu a kan ƙa'ida, wasu ba tsari. Waɗanda ta zo musu ba tsari su suka fi gajiya da saurin karaya a aikin da aka ba su daga baya. Sai aka ba wasu maɓalli aka ce in sun matsu su danna, ƙarar za ta tsaya. Yawancinsu ba su danna ba, amma sanin cewa maɓallin yana hannunsu ya isa ya rage musu illar. Ku koma ga Iliya a kogo. Kafin iska mai fasa duwatsu, da girgizar ƙasa, da wuta, an riga an gaya masa Ubangiji zai wuce. Kuma ba waɗannan ne suka fito da shi bakin kogo ba, sai da ya ji ƙaramar murya.

To, mu duba sujadarmu. Mu mutane ne masu son ganga, da tulu, da kacau-kacau, da guɗa, kuma babu laifi a ciki. Ba muna roƙo a mai da majami'a makabarta ba. Yawancin masu wannan rauni suna iya jure waƙar zumuntar mata, har su yi rawa, domin ana ganin mai ganga ya ɗaga hannu. Abin da yake kayar da su shi ne makirufo ya yi tsuwa ba zato, ko mai wa'azi ya yi ƙasa da murya sannan ya buga bagade da tsawa, ko benci ya kife a baya, ko 'yan Birged su fara buga ganguna a bayan taga ba wanda ya sani. Gyaran waɗannan ba ya cin kuɗi. A gwada na'ura kafin jama'a su shigo. Mai sanarwa ya ce yanzu 'yan Birged za su shigo da ganguna. A rage lasifika; likitoci sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85 in an daɗe a cikinta tana lalata kunnen mai lafiya ma, kuma in sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka, to ƙarar ta yi yawa. A bar kujeru kusa da ƙofa, nesa da lasifika, domin waɗanda suke so, masu kula da ƙofa kuma su sani cewa wanda ya tashi ya fita ana tsakiyar wa'azi ba raini ya yi ba. Wannan kujera ta bakin ƙofa ita ce maɓallinsa. Sau da yawa wanda ya san yana iya fita, shi ne zai zauna har a yi albarka.

A wasu ƙauyuka ƙarfen da ake bugawa domin kiran sujada shi ne kuma ake bugawa in an ga mahara. Inda haka take, dattawa su raba bugun biyu a fili, kowa ya sani, har yara, kuma kada a taɓa buga na kiran sujada a lokacin da ba a saba ba.

Ezra 3:10-13 ya ba da labarin ranar da waɗanda suka komo daga bauta suka kafa harsashin Haikali da ƙahoni da kuge. Jama'a suna sowa, amma tsofaffin da suka ga Haikali na farko kuka suke yi da ƙarfi, har ba a iya bambanta sowa da kuka. Ba a rubuta cewa an fitar da masu kukan ba, ba a kuma hana masu sowa ba.

Sai maganar nokawut. Rundunonin 'yan sanda na jihohi da yawa sukan sanar da haramta shi in Disamba ya zo, amma kowa ya san yadda ake cika wannan doka. A ganina wannan aikin iyaye ne da shugabannin matasa, ba na 'yan sanda ba. A daren jajiberin Kirsimeti na 2023 aka kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutum fiye da 100. Waɗanda suka tsira suna zaune a cikinmu, a Jos da sauran garuruwa. Yaron da ya jefa nokawut bayan ɗakin gwauruwa a daren 24 ga Disamba bai san abin da ya yi ba, amma uban da ya ba shi kuɗin ya kamata ya sani.

In abin ya faru a gabanka

Kada a taru a kansa, kada a yi dariya, kada a watsa masa ruwa, kada a kama shi ta baya. Mutum ɗaya da ya sani ya zo ta gabansa, ya durƙusa daidai da shi, ya kira shi yadda ya saba kiransa, da harshen da ya sha a nono in zai yiwu. A gaya masa abu uku a hankali, ana maimaitawa: abin da ya yi ƙarar, inda yake, da ranar da ake ciki. Misali: Mama, ƙofa ce iska ta buga, muna cikin coci, yau Lahadi, ga ni nan tare da ke. A roƙe ta ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta faɗi abubuwa biyar da take gani. A yi numfashi tare da ita, a ja ta hanci ana ƙirga huɗu, a saki a hankali ana ƙirga shida; sakin numfashi mai tsawo yana rage gudun zuciya. Kada a tambaye ta me ta tuna. In ta so faɗa, za ta faɗa a ranarta. In ta dawo hayyacinta za ta ji kunya, saboda haka a ba ta ruwa ta sha, a ci gaba da hidima kamar yadda ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe.

Yara ba su da kalmomin faɗar wannan. Sai dai a ga yaro ya toshe kunne, ya shige ƙarƙashin benci, ya manne wa uwarsa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Malaman makarantar Lahadi da na firamare su daina buga bulala a kan tebur domin neman shiru. Ɗaga hannu ko fara waƙa yana yin wannan aikin.

Shiru ba magani ba ne

Akwai kuskure ta ɗaya gefen kuma. Iyali masu ƙauna sukan hana yara wasa, su kashe rediyo, su ce Baba ya zauna ɗaki kada ya je kasuwa. Wani ya toshe kunne da auduga wuni guda. Sauƙin yana zuwa yau, amma gobe abin ya ƙaru, domin kunnen da aka saba masa da shiru ƙara kaifi yake yi, maigadin nan kuma bai samu damar koyon cewa babur yana iya wucewa ba abin da ya faru ba. Jiki ba ya koyo da lallashi, sai da gwaji. Hanyar ita ce komawa kaɗan-kaɗan, da yardar mutumin, shi yake cewa a tsaya ko a ci gaba. Yau ya zauna ƙofar gida da yamma tare da wani yana kallon babura suna wucewa. Wani mako ya je bakin kasuwa da sassafe kafin ta cika. Za a samu ranar da abin zai dawo kamar ba a yi kome ba, musamman in ranar da masifar ta faru ta zagayo ko an ji labarin sabon hari. Wannan ba ya nufin aikin ya rushe.

Kada wani mai ƙwazo ya ce zai cire wa ɗan'uwa tsoro ta wurin firgita shi da gangan ko sa masa ƙarar bindiga a waya. Akwai magani mai kama da haka, inda ake bi da mutum ta cikin abin da ya faru daki-daki, yawanci zama 8 zuwa 15, kuma yana aiki sosai, amma aikin ƙwararru ne. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan magani na tattaunawa, ta kuma gargaɗi ma'aikatan lafiya kada su ba wanda masifa ta afka wa ƙwayoyin sa barci irin su baliyam domin kwantar da firgici, saboda ba sa warkarwa kuma jiki yana kama su. Haka taramol, da burukutu, da goskolo. Goro da shayi mai kauri da yamma ma suna ƙara wa maigadin ƙarfi.

A kai mutum asibiti in watanni sun wuce ba sauƙi, ko ba ya barci, ko ya fara dukan iyalinsa in ya zabura, ko ya shiga shaye-shaye. In ya yi maganar kashe kansa, a kai shi ranar, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa na Jos da Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In Baba Fasto ko Mama Fasto suka raka shi zuwan farko, bakin mutane yakan mutu.

Muryar maƙwabci

Akwai wata ƙara da ba ma son magana a kanta, amma aikin agaji ya tilasta mana, domin Kirista da Musulmi muke yi wa hidima a layi ɗaya. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, akwai Kiristan da ya ji maharansa suna kabbara, yanzu kiran sallar asuba yana sa gabansa faɗuwa. Akwai kuma Musulmin da ya ji waɗanda suka ƙone gidansa suna kiran sunan Yesu, yanzu gangar coci tana hana shi sukuni. Kada mu tsawata wa ko ɗaya saboda faɗuwar gaba, ba shi ya zaɓa ba. Amma mu taimake shi ya raba abu biyu: abin da jikinsa ya yi, da hukuncin da zai yanke a kan maƙwabcinsa. Ladanin unguwa ba shi ne maharin ba. In ba a raba su ba, firgicin uba yakan zama ƙiyayyar ɗa, ɗan kuwa bai ga kome ba, fuskar ubansa kawai ya gani duk asuba.

Domin tattaunawa

Mai jagora ya raba mutane uku-uku. Kada a tilasta wa kowa ba da labarinsa. Wanda ya so ya yi shiru, ya yi. Wace ƙara ce a unguwarku ko a sujadarku take zuwa ba sanarwa, wa kuma yake da ikon gyara ta? Waɗanne kalmomi irin na Elifaz kuka taɓa ji an faɗa wa mai firgici, me ya kamata a faɗa a maimakonsu? A majami'arku, wa zai tashi ya bi wanda ya fita a firgice, ko kowa zai ɗauka wani zai je?

Kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu, mace da namiji, waɗanda za su zauna kusa da ƙofa ranar Lahadi mai zuwa. A kuma sa ranar da shugabannin matasa za su gana da iyaye a kan maganar nokawut, tun kafin Nuwamba ya ƙare, domin da Disamba ya kama yara sun riga sun saya.